Noman wiwi a ƙasar Adar: lissafin da ba a ƙarasa ba a fada

Akwai zancen da ya fara yawo a fadojin samari a Tawa da garuruwan kewaye, tsakanin kofin shayi na farko da na uku. Wani zai ciro salula ya nuna wa ƴan uwa wani Bature a bayan gidansa, ya durƙusa yana tona rami, yana cuɗa ƙasa da taki, yana koya wa masu kallo yadda ake shirya shukar wiwi ta farko a fili, da yadda ake tsaronta har ta kai girbi. Sai wani ya ce, “To mu me muke jira? Ranarmu ta fi tasu, ƙasa kuma ga ta nan kwance.” Daga nan raha ta juye lissafi: tushe kaza zai ba da kilo kaza, kilo kaza jikka kaza, kafin sallah an sayi babur.

Malamai sun yi nasu bayanin a kan hukuncin abin da ke gusar da hankali, kuma babu wanda ya tashi a ƙasar Adar, wato yankin Tawa, bai ji shi ba. Ni abin da nake so in warware shi ne lissafin kansa. Ko da mutum ya ajiye tsoron Allah gefe, Allah ya kiyaye, ya ɗauki alƙalami kamar ɗan kasuwa, lissafin nan ba ya fita. An ɗauko shi ne daga wata ƙasa mai wata doka da wani irin zaman jama'a, aka dire shi a inda babu ko ɗaya daga cikinsu.

A fara da mutumin da ke cikin salula. Galibi yana zaune ne a ƙasar da doka ta ba shi dama. Yurugwai ta halatta wiwi a 2013. Kanada ta bi baya a watan Oktoba na 2018, inda a yawancin lardunanta gida ɗaya ke iya shuka tushe huɗu. Jamus ta yarda wa baligi ya shuka tushe uku tun daga Afrilun 2024. A Amurka wasu jihohi sun halatta, dokar tarayya kuma har yanzu ba ta halatta ba. Saboda haka idan wannan mutum ya yi maganar tsaro, yana nufin ƙofa da kwaɗo don kada yara su kai hannu, da shinge don namun daji, da ɓarawon unguwa. In an yi masa sata, ƴan sanda zai kira, su zo su rubuta. Wannan kaɗai ya isa ya raba duniyarsa da tamu.

A Afirka ma da ake yawan kafa hujja da ita, abin ba kamar yadda ake faɗa a fada yake ba. Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, amma na noman magani ne, kuma kuɗin lasisin ya fi ƙarfin talaka. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 2018 cewa baligi na iya shukawa don amfanin kansa a keɓe, ba ta buɗe kasuwa ba. Gana ta yarda ne da nau'in da sinadarinsa mai sa maye, wato THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, wanda ake nema don zare da magani, ba ya bugar da kowa. Maroko, wadda ta yi suna da ƙullin wiwi a duniya, ta yi doka mai lamba 13-21 a 2021, ta keɓe larduna uku a tsaunukan Rif, ta ce sai da lasisi, sai cikin ƙungiyar manoma, kuma sai don magani da masana'antu. Wasu kuma kan ce ai Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta. Abin da ya faru a Disambar 2020 shi ne an cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, don a amince tana da amfani a likitance. Tana nan dai cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido sosai.

A Nijar kuwa dokar da ke aiki ita ce mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Abin da samari da yawa ba su lura da shi ba shi ne, doka ba ta kallon mai shuka don sayarwa da idon da take kallon mai sha. Wanda aka kama da ƙulli ɗaya a aljihu matsayinsa daban. Wanda aka samu da shukar sayarwa a ƙasa ya shiga sahun masu samarwa da masu fatauci, kuma gidan kaso da tara ne ke jiransa.  Hukumar OCRTIS, wadda ke farautar masu fataucin ƙwaya, ba a Yamai kaɗai take ba, tana da rassa a cikin jihohi, ga jandarma, ga ƴan duwan a kan hanya.

Yana da kyau a fahimci yadda kasuwar take, don a nan ne mafarkin ke fara rushewa. Wiwin da ke ratsa Nijar kogi biyu ne. Na farko shi ne na ƙulli, wanda ake matse ƙaron furen a mai da shi kamar sabulu. Wannan na manyan ƴan fatauci ne, yana fitowa daga nesa, yana ratsa Sahara zuwa Libiya da Masar da gaba. A watan Yunin 2018 an kama sama da tan 2 a wani ɗakin ajiya a Yamai. A watan Maris na 2021 aka kama tan 17, shi ma a Yamai, kayan da suka taso daga Labanon suka sauka tashar jirgin ruwa ta Lome, aka nufi Libiya da su, kuma an ƙiyasta kuɗinsu kusan miliyar 20 na sefa. Irin waɗannan alƙaluma ne ke ruɗin yaro a fada, ya ɗauka akwai rabonsa a ciki. Babu. Wannan harka ce ta masu manyan motoci da takardun bogi da abokan hulɗa a ƙasashe huɗu ko biyar, kuma ba su da buƙatar ganyen wani ɗan Buza ko ɗan Kaita.

Kogi na biyu shi ne busasshen ganye da ake sha a unguwanni, kuma mafi yawansa daga kudu yake shigowa. A Najeriya dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Oshun su ne matattarar nomansa, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa tun 1989, kullum tana cikin sarewa da ƙonawa, masu noman kuma suna sake shukawa. Ruwan sama a can yana haura milimita 1,500 a shekara a wurare da yawa, ga daji mai duhu. Tawa tana samun tsakanin 300 da 400 ne, cikin wata uku, in damina ta yi kyau. Wanda zai shuka a Adar yana gasa ne da mutanen da sama ke yi musu ban ruwa kyauta, shi kuwa kowace guga sai ya saya da mai ko da ƙarfinsa. Kayansa zai fi tsada wajen samarwa, kuma ba shi ne zai yanka farashi ba.

Wa zai yanka? Mai saye. Manomin albasa in bai ji daɗin tayin dillali a Galmi ba, yana iya ɗaure buhunsa ya jira, ko ya tambayi farashin Ƙonni da Madawa ta waya, ko ya haɗa kai da maƙwabta su ƙi sayarwa. Mai wiwi mutum ɗaya ko biyu ya sani, kuma su ma sun san ba shi da wata ƙofa. Za su karɓa bashi, su biya rabi, su ce sauran an kama a hanya. Ina zai kai ƙara? Wurin mai gari ko wurin alƙali? Ranar da aka kama ɗaya daga cikinsu kuma, sunan da ya fi sauƙin bayarwa shi ne na wanda ba shi da kowa a sama.

Sai maganar fili, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin. Samari kan ce ƙasa ga ta nan kwance, amma duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san babu taki ɗaya na ƙasa a Adar da ba shi da mai shi. Ko gonar gado ce, ko ta aro, ko jingina, ko haya, ko makiyaya ce ta jama'a, ko burtali. Saurayin da bai yi aure ba yawanci ba shi da gonar kansa, a gandun gidansu yake aiki. Ke nan duk abin da ya shuka, a ƙasar mahaifinsa ko ta kawunsa ko ta marayun gidansu ya shuka shi. In jami'ai suka zo, tambayar farko ita ce gonar wa ce. Dattijon da ya shekara sittin ba a taɓa jin kansa da kowa ba, shi za a fara sa wa a mota a gaban jikokinsa. Ko an sake shi daga baya, maganar ta riga ta zauna a gari, kuma za ta taso ranar da aka je neman aure wa ƙannen yaron.

Ɓoyewa kuma ba ta yiwuwa, kuma dalilin a fili yake. Ƙasarmu buɗaɗɗiya ce. Da rani duk abin da ya yi kore dole yana kusa da ruwa, ruwa kuwa shi ne inda kowa ke zuwa. Makiyayi ya san kowane kwari da kowace rijiya fiye da mai gonar. Mata masu itace da masu ciyawa suna ratsawa, yara masu kiwon awaki suna yini a wurin, maharba da ma'aikatan gandun daji suna bi. Manomi kuma mutum ne mai kallon gonar maƙwabcinsa, ba don sharri ba, haka sana'ar take. Zai tsaya bakin shinge, ya jingina da hauyarsa, ya ce, “Sannu da aiki, ɗana. Wannan kuma wane iri ne? Ban san shi ba.” Daga wannan tambaya an gama. Ko yaron ya yi ƙarya, tsohon ya gane, ko ya faɗi gaskiya, ya zama yana da abokin sirri da bai zaɓa ba. Duk wanda ya gani ya sami igiya a wuyan mai shukar. Wani zai yi shiru don darajar iyaye, wani zai je ya gaya wa iyayen, wani kuma zai fara zuwa rancen da ba a biya.

To a nan ne maganar tsaro ke juyewa. Manomin halal yana da katanga da bai ma san yana da ita ba. In dabbobi suka yi masa ɓarna, akwai mai gari, akwai shaidu, akwai masu ƙiyasta asara, akwai sulhu kafin a kai ga shari'a. In an yi masa sata, zai yi kururuwa gari ya fito. In wani ya ci masa iyaka, akwai dattawan da suka san inda kakansa ya dasa gamba. Mai shukar ɓoye ya fita daga duk wannan da ƙafarsa. Awaki su cinye, ya yi shiru. Abokinsa na fada ya zo da dare ya yanke, ya yi shiru, ko kuma ya ɗauki wuƙa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan: dukiyar da ba a iya kai ƙararta, da ƙarfi kawai ake kare ta. Kuma muna zaune ne a jihar da ta san ɗacin makami. Mutanen Tiliya ba su manta da kisan gillar Maris na 2021 ba, na bakin iyaka ta wajen Ƙonni da Madawa kuma suna fama da masu satar mutane da shanu. A irin wannan yanayi, saurayin da aka gani yana zirga-zirgar dare zuwa daji a kan babur, ba zargin wiwi kaɗai zai hau kansa ba.

Akwai kuma abin da ba a sa shi cikin lissafi ko kaɗan, wato su wa za su sha. Ganyen da aka shuka a Adar ba Turai za shi ba, a nan zai ƙare, a hannun ƴan kabu-kabu da ƴan makaranta da ƙannen mai shukar, sau da yawa haɗe da tramol. Masana kiwon lafiya sun daɗe suna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na masu shan wiwi yakan kamu har ya kasa bari, kuma in tun yana ɗan saurayi ya fara, abin yakan kai ɗaya cikin shida. Shan yau da kullum, musamman na mai ƙarfi, yana da alaƙa da taɓin hankali ga waɗanda jikinsu ke ɗauke da haɗarin. Ba kowa ke haukacewa ba, faɗin haka ƙari ne, kuma ƙarin da manya ke yi ne ke sa yara daina sauraro. Amma iyalin da ya taɓa ɗaukar ɗansa daga ƙauye zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai ya san kuɗin mota da na magani da na zaman jinya, ya san kuma likitocin wannan fanni ƙalilan ne a ƙasar.

Ba na raina abin da ke tura yaro ga wannan tunani. Tawa jihar ƴan bida ce tun kaka da kakanni. Da an gama girbi motoci ke cika zuwa Abijan da Legas, daga baya Libiya da Aljeriya, daga 2014 kuma zinariyar Jado ta ja nata rabon. Hanyoyin nan duk sun yi wuya yanzu, wasu sun dawo hannu wofi, wasu ba su dawo ba. Saurayi mai ƙarfi da ke zaune wata takwas babu aiki, yana kallon duniya a tafin hannunsa, dole zuciya ta raya masa abubuwa. Wanda kuma ke ganin ya kamata ƙasa ta sake duba dokarta, misali a kan nau'in zare ko na magani, yana da damar faɗin ra'ayinsa, muhawara ce da ƙasashe ke yi a fili. Amma da baki da alƙalami ake yin ta. Wanda ya yi ta da hauya a gonar babansa, shi kaɗai zai biya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wahalar da yaron ke shirin sha, ta gyaran ƙasa da ban ruwa da kwanan gona, ita ce dai wahalar da ke fitar da albasa, kuma a wannan fage babu wanda ya fi mu. Nijar na noma sama da tan miliyan ɗaya na albasa a shekara, jihar Tawa ce kan gaba, kuma jar albasar Galmi sunanta ya kai kasuwannin Abijan da Akara da Lome da Kwatano. A nan rana da sanyin hunturu da busasshiyar iskarmu duk suna tare da mu, mutanen kurmi ne ke saye a hannunmu. Saboda haka ga wanda da gaske yake son lambunsa na farko, ga yadda shirin yake.

Takarda kafin hauya. Tun dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira kofo, daga matakin ƙauye har na gunduma. Ko aro ne daga kawu, a rubuta: shekara nawa, iyaka daga ina zuwa ina, rijiyar da za a haƙa da itacen da za a dasa na wane ne in wa'adi ya cika. Mutane na jin kunyar neman takarda daga ɗan uwa, amma rigimar lambu ba ta tasowa sai wuri ya yi kyau. Fako ba shi da magada, ranar da ya yi kore ne suke bayyana.

Sai ruwa. A kwarin Tarka da wasu sassan Magiya ruwa na kusa, ana samunsa da ƴar rijiyar tiyo, a kan tudu kuwa yana iya yin nisan da ba zai biya ba. A tambayi masu lambun kusa yadda rijiyarsu ke yi a watan Maris da Afrilu, don rijiyar da ke cike a Nuwamba ba shaida ba ce. A lissafa man inji tun daga dashe har cira. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, arhar man bakin iyaka da masu lambu suka saba da ita ta kau, shi ya sa masu hali ke komawa famfo mai aiki da hasken rana. Mai farawa ya kama kaɗan. Rubu'in eka da aka ƙosar da ruwa ya fi eka guda da ke kwana da ƙishi.

Ƙasa kuma da hannu ake fara gane ta. A ɗebi dunƙule a jiƙa, a matse. In ta watse da an buɗe hannu, jigawa ce, ruwa da taki za su riƙa zurarewa, tana son taki mai yawa da ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. In ta mulmulu ta yi santsi kamar ta maginin tukwane, laka ce mai nauyi, tana riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, in ta bushe kuma ta tsage ta matse albasa. Wadda ake so ita ce ta tsakiya, mai dunƙulewa amma ta farfashe in an taɓa ta da yatsa. In an ga farin ɓawo a saman ƙasa bayan ruwa ya janye, gishiri ne ko kanwa, a yi hattara da wurin. Saiwar albasa ba ta nisa, aikin duk a cikin taƙi ɗaya zuwa biyu na sama yake, don haka a kafce da kyau, a farfasa hoge, a daidaita kowane fangali yadda ruwa zai kwanta bai ɗaya. Fangalin da ya karkace, gefe ɗaya zai nutse, ɗayan ya ƙone.

Taki shi ne inda masu farawa suka fi yin kuskure. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona dashe, yana kawo irin ciyawa da gara. A tara shi a rami tun da damina, a haɗa da kara da toka da sharar gida mai ruɓewa, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Shi ake zubawa a cuɗa da ƙasa kafin dashe. Takin zamani ƙari ne a kai. Wanda ya cika wa albasa takin ure zai ga ganye ya yi kore shar, ƴaƴa su yi girma, ya yi murna, amma albasar ruwa ce, ba ta jure ajiya, a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, za ta ruɓe. Wanda kuma bai sami fadama ba, kada ya ce ba shi da ƙasa. Manoman Illela da Badagishiri sun farfaɗo da fako da tassa tun ƙarshen shekarun 1980, bayan wasunsu sun je Yatenga a Burkina Faso sun ga yadda ake yi: rami ne ɗan daidai, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu, ruwan sama ya taru a ciki. Aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita da aka fara a 1984 ya nuna abin da ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata da jerin duwatsu ke yi wa tudun da aka yanke wa ƙauna. Wannan na hatsi da dawa da itatuwa ne, amma ilimin gyaran ƙasa ne da duniya ke zuwa koyo a wurinmu.

Ana zuba irin albasa a wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ya yi kamar kwana arba'in zuwa hamsin kafin dashe, sa'an nan a jira wata uku da rabi zuwa huɗu. A sayi iri wurin wanda aka sani, don gaurayayyen iri ya karya mutane da yawa. A riƙa buɗa tsakiyar ganye ana duba ƴan ƙananan ƙwarin da ke tsotse shi har ya yi fari-fari. In wuyan albasa ya fara kwantawa, a yanke ruwa kamar mako biyu kafin a cire, a bar ta ta sha iska a inuwa. Wanda ke son abin cefane kafin albasa ta nuna, ya jera zogale a gefe. Cikin wata biyu zuwa uku ake fara yankan ganye, ana kuma maimaitawa, kuma kasuwarsa ba ta mutuwa, balle da azumi a Yamai.

Tsaron lambu na gaskiya daga shinge yake farawa. Da zarar hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, dabbobi na da damar shiga karkara, mai noman rani ne ke da alhakin killace kayansa. Shingen ƙaya na shekara ɗaya ne, yana kuma cin itatuwa, yana haɗa mutum da ma'aikatan gandun daji. Wayar raga ta fi, in da hali, amma mai dogon tunani yakan dasa shinge mai rai a bayanta tun shekarar farko, aguwa ko lalle ko bagaruwa ko magarya, wanda zai tsare akuya ya kuma rage iska. Mutanen Magiya sun ga amfanin wannan tun layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don karya iska. Kada a toshe burtali ko hanyar mashaya ko da taƙi ɗaya, rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin ribar. Gara ma a san makiyayan da ke sauka kusa, a gaisa, a ba su ganyen albasa da ciyawar da aka cire, a karɓi taki. Injin ban ruwa da faifan hasken rana su ne abin da ɓarayi suka fi so, a rubuta lambarsu, a kai inji gida in ana iyawa. In cira ta matso, maƙwabtan lambu kan raba kwana, yau wannan gobe wancan, da tocila da kare.

Saura kasuwa. A watan Maris da Afrilu kowa ke cirewa, farashi ya faɗi ƙasa warwas, wanda ya ci bashin mai da taki kuma dole ya sayar a lokacin. Daga ƙarshen damina zuwa Disamba buhun nan kan ninka kuɗinsa, wani lokaci fiye da sau biyu. Rufe iyakar Benin tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsawaita hanyar manyan motoci ya ƙara kuɗin dako, don haka ba kowace shekara lissafin ke tafiya daidai ba. Dabarar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a sayar da abin da zai biya bashi, sauran a zaɓe masu ƙarfi marasa rauni a sa a rudu mai shan iska, sama da ƙasa, a riƙa dubawa kowane mako ana fitar da wadda ta fara laushi. Shiga ƙungiyar manoman albasa na taimakawa wajen iri da labarin farashi da haɗa lodi.

Wanda ke son ya dasa a hunturun bana, takardar fili da ramin taki da maganar rijiya duk sai sun kammala kafin ruwan sama ya ɗauke, don da an shiga Oktoba lokacin zuba iri ya yi.